Itace, gawayi ko gas: da me gidan Marwa, Garwa ko Njamena zai dafa tuwo?

Duk inda aka tayar da zancen sare itatuwa a arewacin Kamaru ko Chadi, sai ka ga mutane sun rabu gida biyu. Wasu su ce mai gawayi da mai faskare ne suka jawo mana wannan zafin da kwararowar hamada. Wasu su ce a bar talaka ya sarara, tunda Afirka kaf ɗinta kusan kashi 4 cikin 100 kacal take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya, to don me za a hana tsohuwa a Mokolo tuƙa tuwonta saboda ɓarnar masana'antun Amurka da Sin? Masu magana ta biyu ba su yi ƙarya ba. Ambaliyar 2024 da ta kashe mutum sama da 500 a Chadi, ta kuma shanye unguwanni a Yagwa, ba murhun kowa a nan ne ya haddasa ta ba. Amma dajin da ya ja baya daga bakin gari har mai itace ke yin tafiyar yini, da hayaƙin da ke cika madafa safe da yamma, waɗannan kam ba Bature ne ya kawo mana su ba.

Maigida da uwargida kuwa abin da ke gabansu ya fi muhawara sauƙin faɗi: ga ɗan kuɗi a hannu, a zuba shi a silindar gas, ko a ci gaba da sayen gawayi, ko a gyara murhun itace?

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi, kuma kuɗin iri biyu ne. Akwai na shiga, wanda ake biya sau ɗaya kafin a kunna wuta, akwai kuma na wata-wata. Yawancin gidaje na farkon kawai suke gani, domin sefa 200 ko 300 da ake miƙa wa yaro kullum ya sayo itace ba ta yi wa kowa ciwo, sai an tara ta wata guda ake kama baki. Na biyu samuwa: abin da ake samu a watan Janairu, ana samunsa a Agusta lokacin da itace ya jiƙe, hanya ta yanke? Na uku aikin kansa, wato ko zai iya da tukunyar tuwon mutum goma sha biyar, da wake, da ganda. Na huɗu ƙarko. Na biyar haɗari, kuma a nan ƙirjin mai girki da na goyon da ke bayanta nake sa wa gaba, kafin gobara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, sama da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Na ƙarshe shi ne abin da za a bar wa daji.

Ga lissafi guda da zai sauƙaƙa sauran bayanin. Kilo ɗaya na gas na ɗauke da zafin da ya kusa ninka na busasshen itace sau uku, kuma risho na kai fiye da rabin zafinsa gindin tukunya. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai yake kaiwa, saura iska ke kwashewa. Idan aka haɗa, girkin da silinda mai kilo 12.5 za ta yi, sai an ƙona itace wajen kilo 150 a buɗaɗɗen murhu, ko gawayi wajen kilo 50. Lissafin kusan-kusa ne, amma ya isa mutum ya shiga kasuwar garinsu ya tambayi farashi ya kwatanta da kansa.

Murhun duwatsu uku

Ba shi da kuɗin shiga ko sisi, ba ya lalacewa, kuma babu tukunyar da ta fi ƙarfinsa, daga ta shayi har ta biki. A ƙauye, inda mace ke ɗebo busasshen reshe da kara a gonar mijinta, kuɗin wata ma babu, sai dai lokaci da wuya da baya ke biya. A birni labari ya sha bamban: ɗaurin itace na ƙanƙancewa shekara bayan shekara, kuɗinsa na hawa, da damina kuma sai an sha fama kafin ya kama.

A wurin wannan faman ne wata muguwar al'ada ta shigo. Ki duba yadda ake hura wuta da safe a gidaje da dama: a jera itace, a cusa baƙar leda ko guntun silifa a ƙarƙashi, a ƙyasta ashana, robar ta narke tana ɗiga tana baƙin hayaƙi, yarinya ta duƙa a kai tana busawa da baki. Njamena ta hana leda tun 2010, Kamaru ta hana marar kauri daga 2014, amma a murhu ba ta taɓa yankewa ba. Hayaƙin roba guba ne, kuma ɗan tsinken kara ko busasshiyar ciyawa na yin aikin da take yi.

Ta fuskar daji, ba kowane itace ne laifi ba. Reshen da aka sassabe daga darbejiya ko aka tsinta busasshe, bishiya za ta mayar da shi. Ɓarnar tana wurin motocin da ke loda ɗanyen marke da bagaruwa da aduwa da aka sare daga tushe don ciyar da Marwa da Garwa. A Kamaru doka ta bar wa mazauna ƙauye haƙƙin ɗibar itacen amfanin gida, na sayarwa kuwa sai da takardar ma'aikatan gandun daji.

Murhun tsimi

A ganina wannan ne zaɓin da aka fi rainawa, alhali ya fi kowanne dacewa da aljihun mafi yawan mutanenmu. Iri biyu ne: na ƙarfe da maƙera ke bugawa, da na laka da mace za ta iya ginawa da hannunta. Shirin Sahel Vert, wanda aka fara a shekarun 1970 zamanin Ahmadu Ahidjo aka kuma farfaɗo da shi a 2008, ya haɗa dashen itatuwa da rabon irin waɗannan murafu a yankin Arewa Mai Nisa.

Na lakar ga yadda yake. A kwaɓa yumɓu da kashin shanu da yankakkiyar ciyawa, a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa. A kafa duwatsu uku yadda aka saba, a ɗora ainihin tukunyar da za a riƙa girki da ita, sannan a gina katanga ta zagaye su har kusan wuyan tukunyar, a bar tazarar kamar yatsa ɗaya tsakaninta da katangar don harshen wuta ya lashi gefenta kafin ya fita. A yanka ƙofa guda ta sa itace. A bar shi kamar mako ya bushe a inuwa. Itace biyu ko uku sirara sun ishe shi, iskar hunturu ba ta kwashe wutar, yaro mai rarrafe kuma ba ya faɗawa cikin garwashi. Idan an gina shi daidai, ana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na itacen da ake ƙonawa, wani lokaci fiye.

Aibinsa a bayyane yake. Tukunya ɗaya, murhu ɗaya: wanda aka gina wa tukunyar miya ba zai ɗauki ta tuwo ba, don haka biyu ake bukata. Ruwan sama na cinye shi in babu rumfa, yana tsagewa, sai ana shafe shi da laka lokaci-lokaci. Yawancin waɗanda aka watsar ba don ba sa aiki ba ne, tsagewar farko ce ba a toshe ba. Na ƙarfen ana ɗaukarsa a kai ko'ina, amma in da siririn langa-langa aka yi shi, gindinsa kan cinye cikin shekara ɗaya ko biyu. Kuma kada a ruɗi kowa: hayaƙi ya ragu, bai tafi ba. Murhun tsimi a rufaffen ɗaki marar taga bai ceci ƙirjin kowa ba.

Gawayi

Ana son gawayi don dalilai masu kyau. Ba ya baƙanta tukunya, ba ya sa hawaye, ana sayensa na sefa 100, yana shiga ɗakin haya inda babu filin jibge itace, kuma shayi da gashi ba su da abokin da ya fi shi. Kurfoti ko ganun na waya irin na Chadi ba su da tsada.

Amma ku koma kan lissafin can. A ramin gargajiya da ake rufewa da ƙasa, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Wato kilo 50 ɗin nan da ke daidai da silinda ɗaya ya cinye itace kilo 250 zuwa 500, kusan ninki biyu ko fiye na abin da murhun duwatsu uku zai ci a girki iri ɗaya. Matar birni da ke ganin ta fi ta ƙauye tsafta saboda tana amfani da gawayi, ita ce ta fi cin daji ba ta sani ba. Ga shi kuma mai gawayi ba ya neman sabara ko kalgo, itace mai nauyi yake so: ƙirya, marke, wani lokaci har kaɗanya da tsamiya, bishiyoyin da sai sun yi shekaru masu yawa kafin su kai girman da ake sare su.

Haɗarinsa kuma ɓoyayye ne. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Da sanyin Disamba da Janairu sai a shigar da kurfoti ɗaki don jin ɗumi, a rufe ƙofa da taga, a kwanta. Alamar farko ciwon kai ne da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya.

Chadi ta gwada maganin ƙarfi. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gwamnatin Idriss Déby ta haramta gawayi da sare ɗanyen itace, aka tsare hanyoyin shiga Njamena. Niyyar ba ta da laifi, sai dai an hana kafin a tanadi madadi, gidaje suka koma ƙona kashin shanu da ƙwallon goruba da duk abin da wuta za ta ci. Wanda ke kira a yi irin wannan hanin a Garwa ko Gaundare ya fara faɗin abin da mutane za su dafa da shi washegari.

Akwai gawayin da ban sa shi cikin wannan zargi ba: wanda ake yi da ragowar katako na injinan yankin Gabashin Kamaru a kawo arewa. Itacen an riga an sare shi don katako, ragowar da ƙonewa za ta yi a banza. Idan ka same shi, ya fi na dajin kusa.

Gas

Ga inda masu muhawara ke rikicewa. Gas ɗan'uwan fetur ne, daga ƙarƙashin ƙasa yake, ƙona shi na ƙara wa sama hayaƙin da ke ɗumama duniya. Duk da haka, a ƙasar da ake sare bishiya ba a mayar da ita, silinda ɗaya da ta hana a ƙona kilo 300 na ɗanyen itace ta fi sauƙi ga sama da ƙasa baki ɗaya. A wajen ƙirji kuwa babu ma haɗi: shuɗiyar wuta ba ta da toka, ba ta da hayaƙin da ke shiga huhu.

Kuɗin shiga ne katangar. Sai ka sayi silindar kanta, da risho, da tiyo, da regileta, duka a rana ɗaya, abin da kan kai dubban sefa masu yawa. Bayan nan cikawa ba ta kai yadda ake tsoro ba, saboda gwamnatocin biyu na sa tallafi. A Kamaru an shafe shekaru farashin hukuma na silinda mai kilo 12.5 yana sefa 6,500, asusun daidaita farashin mai na gwamnati (CSPH) ke cike gibin, kuma akwai cibiyar cika silinda a Marwa. A Njamena farashin hukuma na ƙaramar mai kilo 6 ya daɗe a sefa 2,000, matatar Jarmaya da aka buɗe a 2011 kuma tana samar da gas. Abin da ɗan kasuwa zai ce maka a unguwa, musamman in kaya ya yi wuya, wannan daban.

Samuwa ce rauninsa na gaske. Gas ɗin arewacin Kamaru daga kudu yake tasowa, layin dogo ya ƙare a Gaundare, daga nan sai mota ta bi doguwar hanya zuwa Garwa da Marwa da Kuseri. Abu kaɗan ya taɓa hanyar ko jirgin ruwan da ke kawo shi, sai layi. A Kamaru kuma kowane kamfani da launin silindarsa, ba a musanya ta wani da ta wani, don haka kafin ka saya ka duba wacce ce ba ta yankewa a unguwarku, ba wacce ta fi araha ba. Njamena ma ta ɗanɗana a 2019, lokacin da mutane suka yi makonni suna bin layi da silinda babu komai ciki. Gidan da ya jefar da murhunsa ranar da ya sayi gas ya yi gaggawa.

Tsoron fashewa shi ke hana iyaye mata da yawa yarda, kuma tsoron ba na banza ba ne, sai dai ba silindar ce ta fi yin ɓarna ba, yoyo ne. Gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya ya taru. Warin da ake ji da gangan aka sa masa. Gwajin mai sauƙi ne: a kaɗa sabulu a ruwa, a shafa kumfar a bakin regileta da inda tiyo ya haɗu da risho. In kumfa ta riƙa kumbura tana fashewa, akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. In an ji wari, a rufe silinda, a buɗe ƙofa, kada a taɓa makunnin lantarki. Silinda a tsaye take zama, a inuwa, nesa da murhun itace, abin da ya kamata a nanata a garuruwan da zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Tiyon da ya fara tsattsagewa a canza shi, kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba. Silindar kanta da risho mai kyau suna shekaru.

Wajen girki, yana da sauri ga shayi, koko, miya, shinkafa, taliya da ɗumame. Babbar tukunyar tuwo kuwa rawa take yi a kan ƙaramin risho idan muciya ta shiga, wake da ganda kuma shan gas suke yi, sai dai in an jiƙa waken tun dare ko ana da tukunya mai matse tururi.

Gawayin dunƙule, lantarki da sauransu

A sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, itace ya ƙare a kewaye har ya zama abin rigima da mutanen gari. Cikin abin da aka yi akwai dashen itatuwa da koya wa mata yin gawayin dunƙule: a babbake ɓawon gyaɗa ko totuwar masara ko ƙaiƙayin shinkafa a cikin duro, a daka, a kwaɓa da ɗan kokon rogo ko yumɓu, a dunƙula a shanya. Yana jinkirin kamawa, tokarsa da yawa, danshi na marmashe shi, amma yana daɗewa yana ci kuma ba a sare ko reshe ba. Ya fi ma'ana a inda kayan ke zube, kamar wuraren shinkafa na Yagwa da Maga. Karan dawa kuwa a yi hattara, abincin dabbobi ne kuma rigar gona. Gubar da ke cikin garwashin gawayi tana cikin nasa.

Lantarki ba zan daɗe a kansa ba. Arewacin Kamaru ya dogara ne da madatsar Lagdo, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwa ya ja, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo sauƙi. Butar lantarki da tukunyar shinkafa suna taimakawa ranar da akwai wuta, amma ba a ɗora tuwon dare a kan alkawarinta.

| Zaɓi | Kuɗin shiga | Kuɗin wata a birni | Ƙarko | Babban haɗari | Nauyi a kan daji |
|---|---|---|---|---|---|
| Duwatsu uku | Babu | Mai yawa | Ba ya lalacewa | Hayaƙi, ƙunar yara | Mai yawa |
| Murhun tsimi | Kaɗan | Matsakaici | Sai da gyara | Hayaƙi, amma ya ragu | Matsakaici |
| Gawayin daji | Kaɗan | Mai yawa | Shekara ɗaya zuwa biyu | Guba a rufaffen ɗaki | Mafi yawa |
| Gas | Mai yawa | Matsakaici, in da tallafi | Shekaru | Yoyo da gobara, yankewa | Babu |
| Gawayin dunƙule | Kaɗan | Ya danganta da wuri | Ba ya son danshi | Guba a rufaffen ɗaki | Kaɗan ƙwarai |

Wa ya dace da me

Ƙaramin gida a birni, mata da miji da yara biyu ko uku, musamman masu haya: gas, ko da sai an shiga adashi kafin a haɗa kuɗin shiga. A ajiye kurfoti da ɗan gawayi don ranar da gas ya yanke da kuma gashi, ba don girkin kullum ba. Gwauro da ɗalibi ƙaramar silinda mai risho a ka ta ishe su.

Babban gida mai mutum goma sha biyar ko ashirin kada ya wahalar da kansa neman abu ɗaya. Gas ya ɗauki karin kumallo da miya da ruwan zafi, murhun tsimi a rumfa mai iska ya ɗauki tuwo da wake. In akwai mai asma, ko tsohuwa mai tari, ko jariri a gidan, gas ɗin ya tashi daga jin daɗi ya koma magani, a fara da shi.

Mai abincin sayarwa da mai ƙosai da mai suyar kifi su ne suka fi kowa cin ribar murhun tsimi, domin wutarsu ba ta mutuwa yini guda, itacen da za su rage a wata ɗaya ya biya kuɗin ginin. Mai shayi kuwa gas ya fi masa, tunda kunnawa da kashewa ne aikinsa.

A ƙauyen da silinda sai ta hau babur ta yi tafiyar awa biyu kafin a cika ta, maganar gas ba ta taso ba tukuna. A nan murhun laka ne, haɗe da itacen gonar mutum. Tun shekarun 1990 wani shiri da aka gudanar ta hannun Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, ya riƙa ba manoman auduga ɗan tukuici don su bar 'ya'yan gawo su girma a gonakinsu, kuma manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar sun farfaɗo da miliyoyin hekta ta irin wannan hanya, ba tare da dasa ko ɗaya ba. In an zo sassabe a bar wa kowane kututture reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a yanke sauran a kai madafa. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa dawa inuwa, da rani kuma 'ya'yansa na ciyar da awaki. A sassabe reshensa bi da bi, bishiya ɗaya bana wata baɗi, a jibge itacen a ƙarƙashin rumfa tun watan Mayu kafin ruwa ya sauka.